Tsohon Kankare a Sabuwar Hanya: Inda Ribar Take da Inda Hasarar ke Ɓoye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ginin da aka rushe a Legas, ko Abuja, ko Kano, ya san yadda al'amarin ke gudana. Tun kafin ƙura ta lafa 'yan jari-bola sun iso da manyan guduma, suna farfasa ginshiƙai suna zare rodi, domin ƙarfe yana da kasuwa, kuma a take ake biya. Abin da ya saura, watau tulin ɓaraguzai, mai ginin ne zai biya direban tifa ya kwashe masa, a je a cike wani kududdufi ko a jibge a bayan gari. A daidai wannan lokaci kuwa wata tifar tana bisa hanya daga Abeokuta ta nufi Legas, ɗauke da sabuwar tsakuwa wadda aka fasa dutse aka niƙa, aka kuma ƙona man dizal domin kawo ta. Motoci biyu ke nan, ɗaya ana biyanta ta zubar da dutse, ɗaya ana biyanta ta kawo dutse.

Darasinmu na wannan fitowa ya tsaya ne a kan tambaya guda: shin za a iya niƙa tsohon kankare a mai da shi tsakuwa, a yi hanyar mota da shi, hanyar ta yi ƙarko? Amsar a taƙaice ita ce ana iyawa, an kuma daɗe ana yi a wasu ƙasashe. Amma akwai waɗanda suka gwada suka ji jiki, saboda haka ya kamata ɗan kwangila, da mai injin niƙa dutse, da bankin da zai ba su rance, su san sharuɗɗan kafin su zuba jari.

Abin da ya sa batun ya taso yanzu

Shekaru da dama kwalta ce kaɗai aka sani a manyan hanyoyin Nijeriya. Al'amarin ya fara sauyawa ne da hanyar Itori zuwa Ibese ta Jihar Ogun wadda aka buɗe a shekarar 2016, sa'an nan hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa a 2018, da hanyar Obajana zuwa Kabba ta Jihar Kogi mai tsawon kilomita 43, dukansu da hannun rukunin kamfanonin Dangote. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta fito da Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 007, wanda ya ba manyan kamfanoni damar gina hanya a cire kuɗin daga harajin da ake bin su. Da Injiniya David Umahi ya kama aikin Ministan Ayyuka a watan Agusta na 2023, sai ya mai da hanyar kankare manufar ma'aikatarsa, kuma a kan wannan tsari aka soma hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai kimanin kilomita 700, da hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, duka biyu a 2024.

Mutane da yawa in an ce kankare, siminti ke faɗo masu a rai. Alhali kuwa kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na jikin kankare tsakuwa ce da yashi. Bari mu yi lissafi da kilomita ɗaya tak na hanya mai faɗin mita 7.3, kaurin kankarenta santimita 20. Wannan zai ci kubik mita 1,460 na kankare. Kowane kubik mita yana bukatar tsakuwa kimanin kilo 1,100, watau wajen tan 1,600 ke nan gaba ɗaya. Ƙarƙashin kankaren kuma akwai shimfiɗar niƙaƙƙen dutse wadda ake daɓewa da rola. In kaurinta santimita 15 ne, za ta ci wajen tan 2,400. Jimla tan 4,000, watau sawu 130 da 'yan kai na babbar mota mai ɗaukar tan 30, a kilomita ɗaya, ban da yashi, ban da kafaɗar hanya da magudanar ruwa. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, za mu komo gare su.

Dutsen kuma ba ko'ina Allah ya ajiye shi ba. Abuja da Kaduna da Kano suna zaune ne bisa dutse mai tauri, kuma duk wanda ya san Mpape ya san yadda ake fasa shi a bakin birni. Legas kuwa sai ta jira daga Ogun da Oyo. Yankin Neja Delta laka ce da yashi, tsakuwarsa daga wurare irin su Akamkpa ta Jihar Kuros Riba da Ishiagu ta Jihar Ebonyi take zuwa. Haka Maiduguri da Sakkwato, dukansu suna cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda dutse mai tauri ya yi mata nisa. A irin waɗannan wurare kuɗin mota kan kai kuɗin dutsen kansa, ko ma ya zarce shi.

Yadda ake sarrafa shi

Aikin ba shi da wani sihiri. Ana farfasa tsohon kankare da gudumar inji, a zuba shi a injin niƙa na farko mai muƙamuƙi biyu na ƙarfe, ya rage masa girma. Babban maganaɗisu da ke rataye bisa bel ɗin da ke jan kayan yana tsince guntayen rodi, ma'aikata kuma suna tsince katako da roba da leda da hannu. Daga nan sai injin na biyu, wanda ke bugun dutsen da ƙarfi har ya kai girman da ake so, sai a bi da shi ta rariyar ƙarfe a ware shi gida-gida: manya, matsakaita, da gari, watau abin da bai kai milimita 5 ba. Akwai injinan da ake jan su a kai su wurin aiki, kuma su ne suka fi dacewa da kwangilar hanya. Da aka rufe filin jirgin sama na Stapleton da ke Denver ta Amurka a 1995, a nan cikin filin aka kafa inji aka niƙa sama da tan miliyan 6 na tsohon kankare da kwalta, aka sayar wa masu gina unguwar da ta maye gurbinsa da sauran 'yan kwangilar birnin.

Tsohon kwaɓi, tushen dukan bambancin

In mutum ya ɗauki ƙwayar tsakuwar da aka niƙa daga tsohon kankare ya dube ta da kyau, zai ga abu biyu ne manne da juna: ainihin dutsen da aka yi aikin farko da shi, da kuma busasshen kwaɓin siminti da yashi da ya maƙale masa. Wannan tsohon kwaɓi kan kai kashi ɗaya cikin uku na jikin ƙwayar, wani lokaci fiye, kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar, gwargwadon yawansa. Kusan duk wani bambanci da ke tsakanin wannan tsakuwa da sabuwa daga nan ya samo asali, domin kwaɓin ya fi dutse laushi, ya fi shi rashin nauyi, kuma cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani.

Na farko, yana shan ruwa. Dutse mai tauri irin na Mpape da wuya ya sha ruwan da ya kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Tsakuwar tsohon kankare kuwa takan sha kashi 3 zuwa 8, garinta ma ya fi haka. A takarda abin kamar ba shi da yawa, amma a duba: kilo 1,100 na tsakuwar da ke shan kashi 5 zai zuƙe lita 55, alhali dukan ruwan da ake zuba wa kubik mita ɗaya na kankaren hanya bai wuce lita 150 zuwa 170 ba. Watau sulusin ruwan ya tafi cikin tsakuwa. Kwaɓin sai ya yi tauri tun yana cikin mota, ya ƙi shimfiɗuwa. A nan ne haɗarin yake, domin abin da lebura zai yi a irin wannan hali sananne ne: zai ɗauki bokiti ya ƙara ruwa da ka, ba awo. Ruwan da ya wuce kima kuwa shi ne babban makashin kankare. Hanyar za ta yi kyau ranar buɗe ta, bayan damina uku ta fara zubar da tsakuwa.

Na biyu, yana motsewa. Kowane kankare yana ɗan tsukewa yayin da yake bushewa, kuma kwaɓin siminti ne ke tsukewar, dutse kuwa yana riƙe shi. To, in aka yi amfani da tsohuwar tsakuwa, kwaɓi ya zama biyu, tsoho da sabo, dutsen da zai riƙe su kuma ya ragu. Gwaje-gwajen da aka tattara a Amurka sun nuna motsewar kan ƙaru da kashi 20 zuwa 50 cikin 100 in manyan ƙwayoyi kaɗai aka maye, ta kuma zarce haka nesa in an haɗa da garin. Ƙarfin ɗaukar nauyi kan ragu, daga abin da ba a lura da shi har zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mu a nan ba mu da matsalar ƙanƙara da ke fasa hanyoyin Turai, amma muna da hunturu, lokacin da iska ke busar da kwaɓi cikin 'yan sa'o'i, rana ta yi zafi dare ya yi sanyi. Kankaren da ke da halin motsewa, a Kano ko Gusau cikin watan Janairu, ba abin wasa ba ne.

Amma tsohon kwaɓi ba sharri ne zalla ba. Ƙwayoyin suna da kaushi da kusurwoyi, saboda haka sabon siminti yana kama su da kyau, kuma in an daɓe su suna cije juna. Bugu da ƙari, a cikin garin akwai sauran simintin da bai gama aiki ba tun farko. In ya sami danshi sai ya sake kamawa kaɗan-kaɗan. Wannan hali yana da amfani ƙwarai a shimfiɗar ƙarƙashin hanya, kamar yadda za mu gani.

Waɗanda suka riga mu gwadawa

Jamusawa ne suka fara yin abin da yawa, ba don sha'awa ba sai don tilas. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar masu ɓaraguzai da aka ƙiyasta sun kai kubik mita miliyan 400, kuma birnin Frankfurt ya kafa kamfani na musamman a 1945 wanda ya yi ta niƙa su yana buga bulo har zuwa 1964. Sai dai darasin da ya fi amfanar mai gina hanya yana wurare uku ne.

Jihar Mishigan ta Amurka ta shiga aikin da ƙarfinta a shekarun 1980, ta niƙa tsofaffin manyan hanyoyinta ta sake zuba su. Ba a daɗe ba wasu sassan suka fara tsagewa a tsakiyar falle, tsagar kuma ta riƙa buɗewa da sauri, har a 1991 hukumar hanyoyin jihar ta dakatar da amfani da tsohuwar tsakuwa a kankaren saman hanya. Da aka bincika sai aka ga laifin ba na tsakuwar ba ne ita kaɗai. An bar tazarar kimanin mita 12 tsakanin gaɓa da gaɓa, kamar yadda aka saba yi da sabon dutse, alhali wannan kankaren ya fi motsewa. An kuma niƙa tsakuwar ƙanana, ga laushin tsohon kwaɓi, saboda haka in tsaga ta fito, bakunanta biyu ba su cije juna, kowace babbar mota ta taka sai su goge juna su marmashe. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a cikin fannin: an sauya kayan haɗi, amma ba a sauya zanen hanyar ba.

Jihar Texas kuwa a 1995 ta sake gina wani sashe na babbar hanyar I-10 a birnin Houston da tsohon kankare ɗari bisa ɗari, manyan ƙwayoyi da gari duka, ba tare da sabon dutse ko sabon yashi ba. Irin hanyar nan ce da ake shimfiɗa rodi a cikinta tun daga farko har ƙarshe ba tare da gaɓa ba, watau irin wadda Ma'aikatar Ayyuka ta zaɓa wa hanyar Legas zuwa Kalaba. Hanyar ta Houston ta yi shekaru tana ɗaukar manyan motoci lafiya, domin rodin yana riƙe tsagogin su zauna sirara. Duk da haka ɗan kwangilar ya sha wahalar daidaita ruwa saboda garin, kuma daga baya jihar ta ƙayyade cewa garin tsohon kankare kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na yashin da za a zuba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Ostiriya. Tun farkon shekarun 1990, da suka tashi sabunta babbar hanyar Biyana zuwa Salzburg, sai suka riƙa zuba kankaren hawa biyu, na biyun bisa na farkon tun yana ɗanye, su kama juna su zama falle ɗaya. Hawan ƙasa, mai kaurin wajen santimita 20, da tsohuwar tsakuwar hanyar ake yin sa. Hawan sama, wanda taya ke gogawa, santimita 4 ne kacal, kuma da zaɓaɓɓen sabon dutse ake yin sa. Garin da ya fita daga rariya kuma ba a zubar ba, ana gauraya shi da siminti a ƙarfafa shimfiɗar ƙasa da shi. Tsohuwar hanya ta koma cikin sabuwa kusan baki ɗaya, dutse mai tsada kuma an kashe shi inda yake da amfani kaɗai. Sharaɗinta shi ne injinan shimfiɗa biyu da injinan kwaɓi biyu suna aiki tare, wanda ba kowane ɗan kwangila ke da halinsa ba.

Ƙa'idojin haɗi

Daga waɗannan da wasunsu injiniyoyi suka tsayar da 'yan ƙa'idoji. In aka maye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na manyan ƙwayoyi da tsohuwar tsakuwa mai tsabta, bambancin ƙarfi kaɗan ne, kuma a nan ƙa'idojin Birtaniya da na Tarayyar Turai suka tsaya ga yawancin ayyuka. Garin kuwa gara a nisanta shi daga kankaren sama, a yi amfani da yashi na gari. Tulin tsakuwar a riƙa yayyafa masa ruwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin aiki domin ya ƙoshi, a kuma auna danshinsa kowace safiya, a rage ko a ƙara ruwan kwaɓi bisa awo. In kwaɓin ya yi tauri, maganin sassauta kankare ake sa masa, ba ruwa ba. A gajarta tazarar gaɓoɓi zuwa mita 4 ko 4.5, a sa gajerun sandunan ƙarfe a kowace gaɓa domin su raba nauyi tsakanin falle da falle. Bayan zubawa kuma a lulluɓe shi a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda.

Akwai wata dabara mai araha da Vivian Tam da abokan aikinta suka bayyana a Hong Kong a 2005. Maimakon a zuba ruwa gaba ɗaya, sai a juya tsakuwa da yashi da rabin ruwan tukuna, a zuba siminti, sa'an nan a ƙarasa ruwan. Ruwan siminti mai kauri yana shiga ƙofofin tsohon kwaɓi ya toshe su, kankaren ya ƙara ƙarfi, abin da aka kashe kuwa 'yan daƙiƙu ne na juyin inji.

Japan ta bi ta wata hanya wadda ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta duba. Tsakanin 2005 da 2007 ta kasa tsohuwar tsakuwa daraja uku bisa yawan ruwan da take sha: wadda ba ta wuce kashi 3 ba ana iya kowane gini da ita, wadda ba ta wuce kashi 5 ba sai harsashi da makamantansa, wadda ta kai kashi 7 sai aikin da ba ya ɗaukar nauyi. Amfanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake: kaya in yana da daraja sananniya, yana da farashi sananne, ana iya sayensa ba sai an je an gani da ido ba.

Inda babbar kasuwar take

Mu koma ga lissafinmu. In an maye kashi 30 cikin 100 na tan 1,600, tan 480 kawai aka sayar a kilomita. Shimfiɗar ƙarƙashi kuwa, mai cin wajen tan 2,400, ana iya yin ta duka da tsohon kankare, har da garinsa, ba a bukatar wankewa ko rarrabewa mai tsanani. Wannan ya sa a Holan da Japan, inda ake sake amfani da sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan ɓaraguzai, mafi yawansu ƙarƙashin hanya suke tafiya, ba cikin sabon kankare ba. Ƙa'idar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta 1997 tana neman ma'aunin CBR na kashi 80 ga shimfiɗar da ke ƙarƙashin saman hanya, da kashi 30 ga wadda ke ƙasa da ita, kuma niƙaƙƙen kankare mai tsabta da aka daɓe da kyau yakan haye wannan ba da wahala ba. Akwai kuma wata 'yar riba da ba kowa ke lura da ita ba. Tsakuwa da tan ake sayenta, amma da faɗi da kauri ake shimfiɗa ta. Tun da tsohuwar ta fi sabuwa rashin nauyi da kimanin kashi 10 cikin 100, kowane tan nata ya fi rufe wuri.

Aibinta a nan guda ne da ya kamata a sani. Ruwan da ya ratsa ta yana fita da kaifi irin na ruwan toka, yana kuma ajiye farin dutse a cikin bututun tsane ruwa har ya toshe shi a hankali. Saboda haka ba a son garinta kusa da irin waɗannan bututu, ba a kuma jibge tulinta a bakin rafi ko kusa da tafkin kifi.

Matsalar da ta keɓanta da mu

Duk misalan da muka kawo na Amurka da Ostiriya, tsohuwar hanyar kankare ce aka niƙa aka yi sabuwa. An san wanda ya zuba ta, an san dutsen da ke ciki, kuma iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Mu ba mu da irin wannan tukuna, domin hanyoyinmu na kankare ba su tsufa ba. Abin da muke da shi ɓaraguzan gidaje ne, kuma mafi yawan ɓaraguzan gidan Nijeriya ba kankare ba ne, bulo ne na siminti da yashi, wanda sau da yawa ana iya marmasa shi da hannu saboda yadda masu bugawa ke ja wa buhu ɗaya. Bulo ba shi da dutse a ciki. In an niƙa shi yashi mai ƙura ake samu. Ya isa cike fili ko hanyar unguwa da ba ta ganin tirela, amma ba shi da gurbi a kankaren babbar hanya. Duk wanda ya gauraya shi da niƙaƙƙen ginshiƙi domin tulin ya yi yawa, ya ɓata mai kyaun ne kawai.

Haka kuma farin filastan silin da ake kira POP guba ne ga siminti, domin gishirin da ke cikinsa yana kumbura kankare daga ciki bayan shekaru. Kankaren da ya daɗe a bakin teku, kamar na tsofaffin gadoji da madatsun tashar jiragen ruwa, yana ɗauke da gishiri mai sa rodi tsatsa, saboda haka ƙarƙashin hanya ya dace da shi, ba hawan da ke da ƙarfe ba. Ginin da ya rushe da kansa kuwa, kankarensa abin tuhuma ne har sai ɗakin gwaji ya wanke shi. Kayan kirki suna wurin tsofaffin gadoji da kwalbatoci, daɓen masana'antu da rumbunan ajiya, filayen ajiye kwantena, dogayen benaye, da ragowar kankaren da manyan kamfanoni ke zubarwa kullum. Wannan yana nufin ribar tana farawa ne tun ranar rushewa: a cire rufi da silin da katako, a ture bangon bulo gefe guda, sa'an nan a fasa ginshiƙai da dakali a tara su daban. Buldoza in ta haɗa kome wuri ɗaya, an gama hasara.

Sake amfani da tsohuwar hanya dai ba baƙon abu ba ne a nan. A aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka bayar a 2017, kamfanin Julius Berger ya kankare tsohuwar kwalta ya niƙa ta ya mai da ita shimfiɗar sabuwar hanya. Ma'aikatar Ayyuka ta amince da wancan, saboda haka ƙofar ba a rufe take ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka tun da ɓaraguzai kyauta ne, tsakuwarsu ma kusan kyauta ce. Injin niƙa da dala ake sayensa, haƙoransa suna cinyewa, dizal yake sha, kuma in babu kayan da za a ba shi kullum, bashin banki ba ya jira. Ribar tana fitowa ne daga wurare uku: kuɗin motar da ba a biya ba na kawo sabon dutse, kuɗin kwashe ɓaraguzai da mai gini zai biya ko ya yafe, da kuɗin rodin da maganaɗisu ya tsince. Na farkon ya fi sauran nauyi, kuma shi ne ke nuna inda sana'ar za ta ci. A Legas da Fatakwal da Warri akwai rushe-rushe da yawa, dutse kuma yana da nisa. A Abuja akwai ɓaraguzai amma dutse yana bakin ƙofa, saboda haka ratar farashi ƙarama ce. A Maiduguri da Sakkwato dutse yana da tsada, sai dai kankaren da za a niƙa bai taka kara ya karya ba. Injin da ake ja daga aiki zuwa aiki ne kaɗai zai yi ma'ana a can.

Sai batun siminti, wanda zai iya cinye ribar baki ɗaya. Mu ƙaddara an maye dukan tsakuwar kankaren sama, kuma domin a cike raunin sai an ƙara siminti kashi 5 cikin 100 a kan kilo 350 na kowane kubik mita. A kilomitarmu ɗaya wannan buhu 510 ne da ɗoriya. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama. A wannan farashi ƙarin ya zarce naira miliyan 5. In aka raba shi a kan tan 1,600, sai tsohuwar tsakuwa ta fi sabuwa araha da sama da naira 3,000 a kowane tan kafin a ce an tashi babu riba babu hasara. Ga mai kula da muhalli ma lissafin ɗaya ne, domin siminti ne ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, dutse kuwa kaɗan ne nasa. Wannan ya ƙara nuna cewa kashi 30 a sama, ɗari bisa ɗari a ƙasa, shi ne tsarin da ya fi dacewa da halin da muke ciki.

Ƙasashen da sana'ar ta kafu, gwamnati ce ta karkata ma'aunin. Birtaniya ta sa harajin zubar da shara a 1996, ta kuma sa harajin fam 1.60 a kan kowane tan na sabon dutse da yashi a 2002, har ta kai sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tsakuwar da take amfani da ita ba daga sabon dutse take fitowa ba. Tarayyar Turai a 2008 ta ɗora wa ƙasashenta burin sake amfani da kashi 70 cikin 100 na ɓaraguzan gini kafin 2020. Ban ga hikimar kwaikwayon harajin dutse a nan ba, domin zai ƙara tsadar gini ne a kan talakan da buhun siminti ya riga ya gagara. Abin da gwamnati ke da shi wanda ya fi haraji ƙarfi shi ne kasancewarta babbar mai sayen hanya. In takardar kwangila ta ambaci tsohuwar tsakuwa da sunanta, ta faɗi iyakar ruwan da za ta sha, da iyakar bulo da datti da za a yarda da su, da hawan da za a sa ta, to injiniyan da ke duba aiki ya sami abin dogara, banki ma ya sami abin da zai ba da rance a kansa. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1978, tana da ɗakunan gwajin da za su iya tsara wannan, Hukumar Gyaran Hanyoyin Tarayya kuma tana da ƙananan ayyukan da za a fara gwadawa a kansu.

Kafin a kai ga haka, ɗan kwangilar da ke son shiga ya fara da inda kuskure ba zai kashe shi ba: shimfiɗar ƙarƙashin hanyoyin unguwa, tashoshin mota, harabar kasuwa da ta masana'anta, dakalin gefen titi, da bulon daɓe na tsakar gida. Kowane sabon tuli ya kai samfurinsa ɗakin gwaji a auna shan ruwansa da taurinsa, ya zuba 'yan dunƙulen kankare a matse su bayan kwana 7 da kwana 28, ya adana takardun. Kada kuma ya zuba ko tifa ɗaya a aikin gwamnati sai injiniyan mai aikin ya amince a rubuce, domin kayan da takardar kwangila ba ta ambata ba, ko da sun fi na cikinta kyau, ana iya sa shi ya tone su da kuɗinsa.